Fil Tes a Makarantun Niyok: In Bar Hafsa Ta Zauna Ko In Cire Ta?

Maman Hafsa:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Don Allah a haska mini wani abu. Jiya da daddare ina zazzage jakar Hafsa zan wanke, sai ga wata takarda a dunƙule can ƙasa, duk ta sha ɓurɓushin biskit. Daga ofishin shugabar makarantarsu take. Wai 'yan aji 5 ɗinsu suna cikin waɗanda jihar Niyok, a nan Amurka, ta zaɓa su yi wata jarrabawa ta Turanci a farkon Yuni, abin da suke kira fil tes. Layin ƙarshe ne ya ɗaure mini kai: ba za a ba yara maki ba, ba za a aiko wa iyaye sakamako ba, malamansu ma ba za su gani ba.

To ta mece ce? Yarinyar nan ta yi ta Turanci ta jiha kwana biyu, ta yi ta lissafi kwana biyu, ta yi ta kimiyya. Daren da za ta fara ta Turancin sau biyu tana amai, da safe ko shayi ba ta iya sha ba. Shekarunta goma. Sai yanzu ta fara dawowa daidai, tana cin abinci tana wasa da ƙannenta. Wata maƙwabciyata 'yar Dominika ta ce mini kawai in rubuta wa makaranta cewa ban yarda ba. Anya ana yin haka? Babanta ya ce in fara tambaya a nan tukuna.

Baban Abdul:
Wa alaikumus salam. Maman Hafsa, shawarata ki bar ta ta yi. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kuma baƙo idonsa ke gani, bakinsa a rufe. Abin da hukuma ta ce a yi, a yi shi a wuce wurin. Mu a Damagaram wa ya taɓa tambayar ubanka ko ya yarda ka zauna jarrabawa? Muka yi CFEPD, muka yi BEPC, ba mu mutu ba. Ina ganin wannan kamar jarrabawar gwaji ce irin ta share fage, yaro ya ƙara sabawa. Riba ce ma.

Malama Rabi:
Baban Abdul, da girmamawa, akwai ɗan gyara. Shekara tara ke nan ina aikin taimakon malamar aji a wata firamare a nan Bronx, cikin birnin Niyok, kuma na tsaya a kan yara suna yin wannan abu ya fi sau uku. Ta sha bamban da jarrabawar gwaji irin wadda JAMB ke yi a gida. Waccan ɗalibi ake gwadawa, ya ga makinsa, ya san inda yake da rauni kafin ranar gaske. Fil tes kuwa tambayoyin ake gwadawa. Kamfanin da ke shirya wa jiha jarrabawa ya rubuta sababbin tambayoyi, yana so ya san wacce ta yi tsauri, wacce ta yi sauƙi, wacce ta rikita yara, kafin ya saka su a jarrabawar baɗi ko ta baɗin baɗaɗa. Kamar mai hatsi ne yana son ya tabbatar mudunsa daidai yake, sai ya ari hatsinki ya auna, ya mayar miki, bai gaya miki ko tiya nawa ba ne.

Kuma ranar gaske ta riga ta wuce tun Afrilu da Mayu. Wane fage za a share a Yuni?

Iri biyu ne. Akwai tambayoyin gwaji da ake cusawa a cikin ainihin jarrabawar, yaro bai san wacce ce ta gwaji ba, ba a kuma lissafa su a makinsa. Waɗannan Hafsa ta riga ta amsa su ba ta sani ba. Sai kuma wannan mai zaman kanta, wadda ake ware mata lokaci daban a ƙarshen Mayu ko Yuni, kamar tsawon darasi guda. Ita ce a takardar.

Maman Hafsa:
Ikon Allah. Wato ta riga ta yi musu aikin sau ɗaya.

Malama Rabi:
Ƙwarai kuwa.

Hajiya Ladi:
'Yata Maman Hafsa, sannu da ɗawainiya. Ni tun 1998 nake Bronx, yara huɗu na yaye a makarantun gwamnatin garin nan, don haka bari in ba ku labarin inda rigimar ta samo asali, don na ga wasu a zauren nan ba su daɗe da zuwa ba.

A Afrilun 2012 autana yana aji 8. Ya dawo daga jarrabawar Turanci ta jiha ya ajiye jaka ya ce, "Umma, yau an tambaye mu labarin abarba mai magana." Na ce wace irin abarba? Ya ce wai abarba ce ta ƙalubalanci zomo su yi tsere. Sauran dabbobi suka ce lallai akwai wata dabara da ta ɓoye, suka goya mata baya. Aka fara tsere abarba ko motsi ba ta yi ba, zomo ya ci, dabbobi suka taru suka cinye abarbar. Sai aka tambayi yara me ya sa dabbobin suka cinye ta, kuma wace dabba ce ta fi yin magana mai hikima. Yaron nan ya ce duk ajinsu babu mutum biyu da suka yarda da amsa ɗaya. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a zangon Kumasi mun san ana yi wa dabba baki, amma tatsuniya tana da kai da gindi. Wannan ba ta da ko ɗaya. Magana ta fita jaridu, har kwamishinan ilimi na jiha na lokacin, John King, ya ce ba za a lissafa tambayoyin nan shida ba.

Kamfanin Pearson ne ya shirya jarrabawar, a kan kwangilar dala miliyan 32 ta shekara biyar. Ba a yi wata biyu ba sai ga sanarwa wai yara za su sake zama a Yuni su gwada wa wannan kamfanin sababbin tambayoyi, kyauta. Nan ne iyaye suka ce a'a. Suka kwashi 'ya'yansu suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Pearson a Manhattan. Ni ban je ba, ina wurin aiki, amma na rubuta takarda ta layi uku na ba autana ya kai. Ba abin da ya same shi. Ya gama sakandare, ya gama jami'a, ga shi nan yana aikin jinya.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau: kuɗin harajinmu aka biya kamfanin, lokacin karatun 'ya'yanmu aka ɗauka, 'ya'yanmu suka yi aikin, ko a gaya mana abin da aka samu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Injiniya Bashir:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kika faɗa haka ya faru. Amma ina roƙon a ba ni dama in kawo ɗaya ɓangaren, domin ni aikina lissafin alƙaluma ne, kuma ɗana Faruk yana aji 5, ajinsu ma an zaɓe shi, kuma zan bar shi ya yi.

Tambayar jarrabawa ba a gane lafiyarta da ido. Ƙwararru goma za su karanta su ce ta yi, sai an sa ta a gaban yara dubu sannan aibinta ya fito. Abubuwa uku ake dubawa. Na farko, kashi nawa suka amsa daidai. Na biyu, su wa suka amsa daidai: idan yaran da suka fi ƙoƙari a sauran tambayoyi su ne ke faɗuwa a wannan, raunana kuma suna ci, to tambayar ce ke da matsala, wataƙila amsa biyu ne daidai. Na uku shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. Ana ɗaukar yara masu ƙoƙari iri ɗaya daga rukuni daban-daban, maza da mata, farare da baƙaƙe, 'yan gida da masu koyon Turanci, a ga ko wata tambaya tana kayar da wani rukuni ba don rashin sani ba. Misali a kawo labarin da sai wanda ya taɓa zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara zai gane abin da ake nufi. Yaron da ya zo daga Maraɗi bara ya iya karatu sarai, amma zai faɗi. Idan alƙaluma suka nuna haka, sai a jefar da tambayar.

To idan mu muka janye 'ya'yanmu daga gwajin, wa zai nuna cewa tambayar tana cutar irin 'ya'yanmu? Za a auna ta da 'ya'yan wasu, a ce lafiyarta ƙalau, baɗi ta faɗo a kan ƙanen Hafsa a jarrabawar gaske. Ba a kai wa baƙi miya sai an ɗanɗana gishirinta.

Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa. Iyaye da malamai ne suka matsa wa jiha ta riƙa fitar da tambayoyin bayan an gama, don kowa ya ga abin da aka tambayi 'ya'yansa. Gaskiyarsu ce. Jiha ta fara da kashi 25 cikin 100 a 2013, ta kai rabi a 2014, ta kai kashi 75 a 2016. Amma tambayar da aka baza a intanet ta mutu, ba za a sake amfani da ita ba. Kowace shekara sai an haifo sababbi, kowace sabuwa sai an gwada ta. Ba zai yiwu mu ce a buɗe mana tambayoyi, kuma mu ce kada a gwada sababbi ba.

Hajiya Ladi:
Injiniya, ita abarbar ba a ɗanɗana ta ba? An yi amfani da labarin nan a wasu jihohi shekaru kafin ya iso Niyok. Duk lissafinku bai kama ta ba, sai da yara 'yan shekara 13 suka kama ta.

Injiniya Bashir:
Wannan gaskiya ne Hajiya, ba ni da ja. Alƙaluma suna kama wani aibin, wani kuma sai hankalin mutum.

Nura:
Assalamu alaikum iyaye. Ku gafarce ni in sa baki, ni yaro ne a cikinku, amma ni na zauna wannan jarrabawar da kaina. Ina aji 7 a 2013, shekarar da aka kawo sabuwar jarrabawa mai bin sabon ma'aunin karatu da ake kira Common Core, wadda kashi 31 cikin 100 kawai suka ci a duk jihar. A Yuni aka kawo mana fil tes. Ajinmu a hawa na huɗu yake, babu na'urar sanyaya ɗaki, fanka ɗaya ce a kusurwa tana juya iska mai zafi. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, wannan za ta shiga katin sakamako? Malamar ba ta iya yi mana ƙarya ba, ta ce a'a. Baba Injiniya, wallahi daga wannan kalmar aka gama jarrabawa. Na kusa da ni ya bi layi ya cike C tun daga sama har ƙasa, ya kifa kai a tebur. Wata ta yi zanen fure da ɗigon amsoshin. Ni na karanta labari na farko da gaske, na biyu na gaji na yi ta canka. Cikin minti goma sha biyar rabin aji sun gama.

Shi ne nake tambaya da ladabi: alƙaluman da aka tattara daga ajinmu ran nan, me suka auna?

Injiniya Bashir:
Nura, ka taɓo inda ke ciwo, kuma ba zan ɓoye ba. Wannan ita ce babbar matsalar gwaji mai zaman kansa, masana sun daɗe da saninta. Yaron da ya san ba a lissafawa ba ya sa ƙarfinsa. Sai tambaya mai sauƙi ta fito a alƙaluma kamar mai tsauri, wanda zai haɗa jarrabawar gaske kuma ya dogara da wannan hoton da ya karkace. Akwai wani tsohon masanin jarrabawa na hukumar ilimin birnin nan, Fred Smith, da ya yi shekaru yana rubutu a jaridu a kan wannan batu, yana cewa gwajin Yuni ba abin dogaro ba ne saboda wannan dalili.

Shi ya sa cusa tambayoyin a cikin jarrabawar gaske ya fi inganci. Abin da ya hana Niyok yin haka sosai a wancan lokaci kuɗin ɗab'i ne. Jiha tana buga nau'i huɗu kacal na kowace jarrabawa, kowane nau'i da 'yan tambayoyin gwajinsa, don haka gurbin bai isa ba. Da nau'in ya yi yawa, da kowane yaro ya ɗauki kaɗan an gama. Yanzu da aka koma kwamfuta, aji 5 da aji 8 tun 2024, sauran kuma suka biyo baya, wannan uzurin ya raunana. Abin da ya rage mai wuya shi ne tambayoyin da yaro ke rubuta amsa da kansa, domin suna cin lokaci, idan aka cusa su jarrabawar za ta yi tsawo.

Duk da haka ina nan a kan bakata game da Faruk. Na zaunar da shi na gaya masa abin da ake nema, na ce ya yi da gaske don yaran da ke bayansa. Ya ce zai yi.

Malama Rabi:
Injiniya, Allah ya yi wa Faruk albarka. Amma ka sani a takardun jiha babu gurbin da aka rubuta Bahaushe. Ɗanka baƙar fata ne, shi ke nan, tare da ɗan Jamaika da wanda kakanninsa suka zo daga Carolina. Idan ya zo kwanan nan a sa shi cikin masu koyon Turanci, tare da dubban masu jin Sifaniyanci. Ko jarrabawar lissafi da ake fassarawa, akwai ta da Sifaniyanci da Sinanci da Rashanci da wasu, babu Hausa, sai dai makaranta ta nemo mai fassara da baki in an samu. Ba na cewa hujjarka ta faɗi. Ina cewa muryar da kake tsammanin za a ji ta 'ya'yanmu, a cikin taron wasu take narkewa.

Kuma a lissafa da abin da ake rasawa. A takarda darasi guda ne. A aji kuwa safiya ce sukutum: a jera kwamfutoci, wannan lambar shigarsa ta ƙi, wancan batirinsa ya mutu, a cire duk abin da ke manne a bango mai taimaka wa yaro, a kai masu buƙata ta musamman wani ɗaki da malaminsu. Yaran da nake zama da su, waɗanda ke fama da karatu, su ne suke rasa darasinsu na ƙarin taimako a ranar.

Baban Abdul:
Na ji bayananku, na kuma gode, na ƙaru. Amma ni tsorona daban ne, bari in faɗe shi a fili tunda duk gida ne. Ba kowa a zauren nan takardunsa suka kammala ba. Ka rubuta wa makaranta ka ƙi abin da gwamnati ta kawo, sunanka ya shiga wani littafi. Gobe a turo maka ma'aikatan nan masu karɓe yara, a ce ka hana ɗanka karatu. Su waɗanda suka yi zanga-zangar 'yan ƙasa ne, suna da lauyoyi. Ni tuƙi nake yi dare da rana, ba ni da ƙarfin shari'a da kowa.

Malama Rabi:
Baban Abdul, wannan tsoron ba abin kunya ba ne, iyaye da yawa sun faɗa mini shi a bakin ƙofar makaranta. Ga abin da na sani. Wasiƙar tana tsayawa ne a ofishin makaranta. A shekarun da na yi ban taɓa ganin an kira wa wani uba hukuma don ya ƙi fil tes ba. Tun zamanin shugabar makarantun birni Carmen Fariña, a 2014, jagorar da aka ba iyaye ta ce idan sun tattauna da shugaban makaranta suka tsaya a kan ƙin jarrabawar jiha, a mutunta shawararsu. Wannan ma a kan babbar jarrabawa ke nan, balle wadda ba ta da maki. Game da takardu kuma, tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kowane yaro yana da haƙƙin makarantar gwamnati ko iyayensa suna da takarda ko ba su da ita.

Inda mutum zai jawo wa kansa magana shi ne ya riƙe yaro a gida. Rashin zuwa makaranta ana rubuta shi, idan ya taru ana bibiya. Don haka yaro ya je makaranta kamar kullum, da littafin karantawa a jakarsa. Lokacin gwajin za a kai shi laburare ko wani aji.

Alhaji Mamman (mai kula da zaure):
Jama'a, muhawara ta yi kyau, Allah ya saka. Ina so in ja hankali kan abu ɗaya kada wani ya karanta rabi ya tafi. Maganar da ake yi a kan fil tes ce. Kada wani ya je ya hana ɗansa jarrabawar Regents ta sakandare ko SHSAT ta shiga irin su Bronx Science ya ce a zaure aka ce. Waɗannan makomar yaro ce a cikinsu.

Maman Ummi:
Alhaji ka yi daidai. Ni ma ina da tambaya a nan. Ita babbar ta Afrilu fa? Na ji an ce a Long Island, yankin nan na gabas da birni, rabin yara ba sa yi.

Injiniya Bashir:
Maman Ummi, haka ne, a shekarun da abin ya yi zafi kusan rabin yaran Long Island sun ƙi. A 2015 kashi 20 cikin 100 na yaran jihar, sama da 200,000, ba su zauna ba. Abin da ya hura wutar shi ne gwamnan jiha na lokacin, Cuomo, ya matsa a ɗaura kimanta malamai a kan makin yara. Kuma ƙin ya yi tasiri: a 2015 jiha ta ba kamfanin Questar sabuwar kwangila ta dala miliyan 44 a maimakon Pearson, a Disamba aka dakatar da amfani da makin wajen hukunta malamai, a 2016 aka cire ƙayyade lokaci, a 2018 aka rage kwanaki daga uku zuwa biyu. Kwana biyun da Hafsa ta yi, da uku ne.

Amma a cikin birnin Niyok waɗanda suka ƙi a 2015 ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma akwai dalili. Kafin korona makin aji 4 da na aji 7 yana cikin abin da makarantu masu tace ɗalibai ke dubawa. An sauya ƙa'idojin bayan korona, don haka kowa ya duba na shekarar da ɗansa zai nema. Sannan alƙaluman jiha sun nuna yawancin masu ƙin farare ne daga gundumomi masu hali. A Mayun 2015 ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe da marasa rinjaye, har da NAACP da National Urban League, sun fitar da sanarwa suna adawa da ƙin jarrabawar. Hujjarsu ita ce makin nan ne kaɗai shaidar da ke tona asirin makarantar da ta yi watsi da 'ya'yan talakawa. Dokar tarayya, tun daga ta 2002 har ESSA ta 2015, tana son kashi 95 cikin 100 na yara su zauna saboda wannan, don kada makaranta ta ɓoye raunana a ranar jarrabawa. Ni a kan babbar ba na wasa. Mai gida a Long Island yana da hanyoyi goma na sanin ko makarantar 'yarsa tana aiki. Mu a Bronx ba mu da su.

Malama Rabi:
A kan wannan ni da Injiniya bakinmu ɗaya. Sai dai a ƙara da cewa ƙa'idar kashi 95 ɗin ba ta shafi fil tes ba. Ƙin ta ba ya rage wa makaranta matsayi, ba ya taɓa malami, ba ya taɓa yaro.

Hajiya Ladi:
Kun ga abin da nake faɗa. Duk sauƙin da Injiniya ya lissafa, ba roƙo ne ya kawo shi ba. Sai da kujeru suka zama wayam sannan gwamnatin jiha a Albany ta saurara. Kuma da ƙaramar aka fara, da wannan ta Yunin. Ni ban ce kowa ya cire ɗansa ba. Abin da ba na so shi ne a mai da 'ya'yanmu zakarun gwajin dafi ba a ko sallama mana ba. Maman Hafsa ma sa'a ta yi shugabarsu ta aiko da takarda. Makarantu da yawa ba sa faɗa, sai yaro ya dawo ya ce yau mun yi wata jarrabawa. Da za su zo su ce, iyaye, ga abin da muke nema, ga amfaninsa, ga abin da muka gano bara, wa zai ba mu aron ɗansa na minti arba'in, wallahi da ni ce zan fara miƙa jikana. Mu mutane ne masu ba da aro. Ɗauka ba tambaya ce ba ma so.

Maman Hafsa:
Na gode ƙwarai iyayena. Na karanta wa Baban Hafsa duka, har na Injiniya sau biyu, don maganarsa ta shige ni, musamman da ya ambaci ƙanenta. Mun kira ta muka tambaye ta. Ta yi shiru, sai ta ce, "Mama, in na ƙi yi, malamarmu za ta ji haushina?" Abin da ke damunta ke nan. Na ce mata a'a, kuma zan yi wa malamar magana da kaina.

Mun yanke bana ba za ta yi ba. Yarinyar da ta yi amai saboda jarrabawa wata biyu da suka wuce, ba zan sake zaunar da ita gaban wata ba alhali ba abin da za ta samu. Babbar kuwa za ta ci gaba da yi kowace shekara in sha Allah. In ta ƙara girma ta ce tana so ta yi irin na Faruk, ba zan hana ta ba. Malama, me zan rubuta?

Malama Rabi:
Kada ki tsawaita. Kwanan wata, sunan shugabar makaranta, sunan Hafsa cikakke da ajinta. Sai ki ce ke mahaifiyarta ce, ba ki amince ta shiga gwajin tambayoyi mai zaman kansa na jiha na bana ba, kina roƙon a ba ta wuri ta yi karatu a lokacin. Ki sa hannu da lambar wayarki. Ki rubuta a fili cewa fil tes kaɗai kike nufi, don kada a ɗauka har da ta baɗi. Ki aika ta imel don ki sami shaida, ki kuma ba ta kwafi a hannu ta kai wa malamar aji. Kada ki bari sai ranar, ki aika cikin makon nan don su san inda za su zaunar da ita. In kina so ki turo mini ta waya in duba miki Turancin.

Maman Hafsa:
Na aika da safe. Kafin azahar shugabar ta amsa, layi biyu: ta karɓa, Hafsa za ta zauna a laburare tare da wasu yara uku. Malamar ajin kuma na same ta a bakin ƙofa lokacin tashi, ta dafa kafaɗar Hafsa ta ce ta zo da littafin da ta fi so.

Baban Abdul:
Madalla. Ni Abdul aji 3 yake, ban ga takarda a jakarsa ba, kuma ban sani ba ko an zaɓi ajinsu. Malama, wa zan tambaya a makarantar? Turancina na tuƙi ne, ba na ofis ba.

Malama Rabi:
Ka nemi jami'in hulɗa da iyaye, yawancin makarantun birni suna da shi. Ka ce kana so ka san ko an zaɓi makarantar don fil tes bana, wane aji, wace rana. Kana da haƙƙin a nemo maka mai fassara ta waya kyauta, ka ce Hausa ko Faransanci.

Nura:
Baba, ranar Alhamis ba ni da aiki da safe. In ka sauke fasinjan ƙarshe ka kira ni, sai mu je tare.